Yawon ganin kada a jihar Luwiziyana ta Amurka lokacin sanyi

Gaskiya in zaka shiga jirgin yawon fadama kusa da New Orleans kar ka je a Janairu, mu dai sanyi muka sha, kada ɗaya tak muka gani kwance kan gungume kamar gawa. Amma direban jirgin ya burge ni wlh, shi ya mana bayani cewa jikin kadojin nan yanayi yake bi, in sanyi ya kama sai su daina cin abinci su haƙa rami a gaɓar ruwa su lafe har zafi ya dawo. A jihar North Carolina ma 2018 ruwa ya daskare, hanci kawai suka bari waje suna numfashi. Kuɗin ya ɗan yi yawa, tauraro uku na ba masu jirgin.