Zanen Shanu da Ruga: Wanne Za Ka Saya a Abuja?

Abu uku ake sayarwa da sunan zanen fentin mai, kuma daga nesa ba ka bambance su. Akwai na mai na asali, akwai na fentin akirilik, sai bugun inji da aka shimfiɗa a kan kanbas. Na ukun ne ya cika bakin titi. Matsa kusa ka karkata kai: in fuskar zanen sumul take, babu tudun fenti ko sawun buroshi, hoto ne aka buga. Ba laifi ba ne a rataye shi a ɗakin jira, kada dai ka biya kuɗin aikin hannu.

Akirilik na bushewa cikin sa'a guda, shi ya sa ya fi araha. Fentin mai kuwa yakan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓa shi, kuma sai bayan wata 6 zuwa 12 ake shafa masa man ƙyalli na kariya. Wannan jinkirin bushewar ne ke ba mai zane damar narkar da launi cikin launi, har ƙurar da garke ya tayar da yamma ta fito kamar za ta shaƙe ka. In ruga kake so, ni dai na mai zan ce.

Amma fenti bai kai sanin dabba muhimmanci ba. Bunaji fara ce, hanci da kunnuwa baƙaƙe, ƙaho ya buɗe ya miƙe sama. Rahaji ja ce mai dogon ƙaho, Bokolo kuwa ƙahonta guntu ne. Tunkiya Uda gabanta baƙi ko ja, bayanta fari. Wanda ya kwafo daga intanet zai ba ka saniya marar tozo, irin ta Holan, tsaye a gindin rumbu. Duba ƙafafu ma, domin nan marasa gwaninta ke ɓuya, sai su nutsa kofato cikin ciyawa.

Gidajen baje zane irin Nike Art Gallery a hanyar filin jirgi da Thought Pyramid a Wuse 2 sun fi tsada, amma za ka san wanda ya zana da shekarar aikin. Ba da aiki kai tsaye ga mai zane ya fi sauƙi, sai dai akwai kafin alƙalami da jira. Nemi ganin aikinsa na baya tukuna. Wanda ba ya rataye hoton mai rai a gida, nan ne zai ce a zana masa gonar dawa da rumbuna kawai.

Kafin ka biya, juya zanen. Katakon da bai bushe ba yana lanƙwashewa da hunturu, kanbas ya saki. Da damina kuma bango mai danshi na kawo fumfuna, don haka a bar 'yar tazara tsakanin firam da bango, nesa da taga mai rana.