Silikon, CdTe ko CZT: wanne za a ɗora wa ƙaramin tauraron ɗan'adam?

Mai shirin harba ƙaramin tauraron ɗan'adam don hango hasken X-ray ko na gamma, kafin ya tambayi farashi, ya fara tantance ƙarfin hasken da yake son kamawa, don shi zai nuna sinadarin da za a yi na'urar kama hasken da shi.

In bai wuce keV 10 ba (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), silikon ya isa. Da shi taurarin hangen X-ray Chandra da XMM-Newton ke aiki tun 1999. Sai dai yana jin jiki a sararin samaniya: makonni kaɗan bayan harba Chandra, ƙwayoyin furoton suka raunata wasu CCD ɗinsa, wato faifan silikon masu kama hasken, dole aka riƙa kawar da na'urar duk lokacin ratsa zoben Van Allen, yankin ƙwayoyi masu caji da ke kewaye da duniya. Da haske ya ƙara ƙarfi kuwa, wuce silikon yake yi kamar ruwa a rariya.

Nan CdTe (haɗin kadmiyom da telurium) da CZT (su biyun da ƙarin zink) ke shigowa, don ƙwayoyinsu sun fi nauyi. Tauraron NuSTAR na 2012 da CZT yake gani, fiksel 32 sau 32, kowane ɗaya milimita 0.6, daga keV 3 zuwa 79. Tauraron Swift kuma ya ɗauki gutsuren CZT 32,768. CZT na yin kauri, ba ya neman sanyi sosai, amma ba kowane gutsure ke fitowa da tsabta ba. Ɗigon telurium a ciki yana kashe fiksel. Kada ka karɓi kaya sai da sakamakon gwajin kowane gutsure.

CdTe irin na Schottky, mai shingen da ke rage yoyon wuta, ya fi iya rarrabe ƙarfin haske, shi ya sa aka sa shi a STIX, na'urar X-ray ta kumbon Solar Orbiter, a 2020, kaurin milimita 1. Matsalarsa caji ne da ke taruwa a ciki, sai an sanyaya shi, ana kuma ɗauke masa wuta lokaci-lokaci. In wutar tauraronka ta lissafi ce, ni CZT zan ce ka ɗauka.

Jamaniyom ya fi su duka kaifi, amma na tauraron INTEGRAL sai da aka riƙe shi wajen digiri 85 na Kelvin, wato kusan digiri 188 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Da wuya ƙaramin tauraro ya sami wannan halin.

Yawan fiksel ma kada ya ruɗe ka. Timepix, guntun karanta fiksel na cibiyar binciken CERN, yana da 256 sau 256, kuma ya tashi a ƙaramin tauraron VZLUSAT-1 na ƙasar Cek a 2017, amma ƙananan fiksel na raba caji da maƙwabtansu, awon ƙarfin haske ya gurɓata. Ka tambayi mai sayarwa wutar da guntun karatun ke ci a kowane fiksel, da irin gwajin furoton da aka yi masa.