Gargaɗi ga masu buga Golf Clash: akwai wani mai "ɗaga sanduna" da ke yawo a guruf-guruf

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina tunanin in rubuta wanga abu ko in yi shiru, don wallahi akwai kunya ciki, mutum da gemunai a ce an damhware shi a kan wasan waya. Amma shekaranjiya muna zaune majalisa wajen mai shayi nan Mabera sai wani yaro ɗan jami'a yan nuna mani wayatai shina tambaya ta ko na san wanga mutum, ina dubawa sai nig ga hoto guda ne, tallar guda ce, suna kawai anka canza. Nan nic ce shirun bai da amfani.

Ga wanda bai san wasan ba, Golf Clash wasan golf ne na waya da ake bugawa ta intanet, kai da wani mutum na gaske ko ina shike a duniya, kowa shi sa kuɗɗin shiga na koyin ɗin wasan, wanda yar riga jefa ƙwallo rami da ƙarancin bugu shi kwashe. Wani kamfani na Ingila mai suna Playdemic yah hito da shi a 2017, daga baya a 2021 EA, masu ƙwallon nan da yara ke bugawa a shagunan gem, sunka saye kamfanin a kan dala biliyan 1.4. Ku riƙe wanga adadi, zan dawo gare shi. Mu nan da ba mu taɓa riƙa sandar golf ta gaske ba, a waya munka koye shi, lokacin zahin nan na Afrilu da barci ba ya yiwuwa cikin ɗaki sai mutum shi shimhiɗa tabarma tsakar gida shina buga wa wani bature rami har ƙarhe 2 na dare.

Duk rigimar wasan a kan sanduna take. Jakarka tana ɗaukar iri 7, akwai direba (ba na mota ba, sandar bugun hwarko ce), akwai wud, ayon dogo da gajere, wej na kusa da rami, sannan ta hidda ƙwallo daga doguwar ciyawa da ta hidda shi daga rairayi. Kowace sanda tana da lebul, kuma ba ta hawa sai ka tara katunanta daga cikin akwatunan da kake samu in ka ci wasa, sannan ka biya koyin. Sanduna gama-gari suna kaiwa lebul 10, na tsakiya 9, manyan da ake ce ma efik 8, kuma katin efik ɗin nan ka yi sati kana buɗe akwati ba ka ga ko guda ba. To nan ne hwa ɓarawon yak kafa tarkonai, don ya san abin da ke ci mamu rai.

Ni tawa lalurar Apocalypse ce. Direba ce efik da ke buɗewa a tuwa na 7 (tuwa su ne matakan wasan da ake hawa ɗaya bayan ɗaya), duk wanda yak kai can ya san yadda ake jin haushi in abokin karawa yah hito da ita mai lebul sama, shi lanƙwasa ƙwallo ta bayan itace kai kana nan kana kallo. Tawa tana lebul 2 wata da watanni. Rannan sai ga wani cikin guruf ɗinmu na WhatsApp, babu wanda yas san wa yas sa shi ciki, yat turo bidiyon fuskar waya, jaka cike, Apocalypse lebul 8, wata direbar mai suna Thor's Hammer lebul 8, jem (wani kuɗɗin cikin wasan ne ban da koyin, wanda kamfanin ke sayarwa) ya hi dubu 90. Ƙasa yar rubuta wai shi yana da ɗan'uwa da ke aiki da kamfanin, shina ɗaga ma mutum duk sandar da yaz zaɓa cikin awa guda, kuɗɗi kaɗan, "don taimakon 'yan Arewa". Mutum biyu sunka yi caraf sunka ce wallahi an yi masu, har da sikirinshot da addu'a. Daga baya munka lura lambobin nan biyu rana guda sunka shigo guruf tare da shi, kuma ba su taɓa magana kan komi ba sai yabon shi.

Na bi shi ta gehe. Bakinai kamar zuma, "babban yaya", "yallaɓai", "ai kai namu ne". Abin da yak kama ni shi ne ya san wasan da gaske, yat tambaye ni lebul ɗin direbata Extra Mile, yac ce mani kada in ɓata koyin kan wata direbar, Big Topper, har yay yi mani dariya kan wej ɗin da nike amfani da ita. Sai nic ce a raina wanga ɗan gida ne. Yac ce Apocalypse zuwa 8 naira dubu 20 ne amma ni in kawo 12. Nih hita cikin ranar nan nit tahi wajen mai POS bakin titi nit tura, sunan da yah hito a rasit sunan mace ne, nit tambaya yac ce asusun matatai ne nashi ya samu matsala. Nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Bayan minti 40 yad dawo wai aiki ya kai rabi amma saba, wato kwamfutar kamfanin, ta riƙe, sai an biya "kuɗɗin buɗewa" dubu 7 da 500, in ba haka ba na hwarkon ma sun tahi. Kun san yadda zuciya take, ba ka son dubu 12 su tahi a banza sai ka bi su da wasu. Na tura. Sai yac ce saura abu guda, tunda wasana a haɗe shike da Facebook dole shi shiga ta nan shi zuba katunan, in ba shi lambar waya da faswod, kuma wani kod zai shigo mani in karanto mai da sauri kahin shi mutu. Ina tsaye ƙohwar masallaci ana shirin magariba, kod yash shigo, lamba 6, rubuce a jikin saƙon cewa kada a ba kowa, na karanta wannan da idona kuma na tura mai. Yac ce in kashe data in ba shi awa guda kada in shiga, wai in mun shiga tare asusun zai rikice.

Awa gudan nan ita yake nema. Ya canza faswod, ya cire lambata ya sa tashi, ya bi mutanen da nike magana da su ta Messenger ɗaya bayan ɗaya. Ni ban san komi ba sai bayan isha'i da kawuna yak kira daga Tambuwal murya na rawa, "kai, wane asibiti kunka kai ta? Na turo 30 ɗin, in ƙaro?" Nic ce Kawu wa anka kai asibiti? Yac ce ba kai kac ce Inna ta hwaɗi a banɗaki ba? Inna tana zaune gabana tana damun hura. Jama'a ban taɓa jin abin da nij ji daren nan ba, ba zancen kuɗɗin ba ma, yadda tsohon nan yay yi shiru a waya sannan yac ce "to Alhamdulillahi tunda lahiya take" yak kashe. Wata ƙanwata da ke aure Gwiwa ita ma an tura mata amma Allah Ya taimaka ta kira ni tukuna layi bai shiga ba sai ta kira matata. Ko da nik koma WhatsApp ya yi bulokin ɗina, shi da 'yan shaidarshi biyu duk sun hice daga guruf.

Yanzu bari in hwaɗi abin da ya kamata in tuna tun hwarko, don na san shi, kwaɗayi ne yar ruhe mani ido. Katunanka da koyin ɗinka da jem ba cikin wayarka suke ba, suna can ajiye a kwamfutocin kamfanin, wayarka nuna maka kawai take. Babu hanyar da wani ɗan wasa zai ɗebo katin Apocalypse daga jakatai shi zuba a taka, wasan bai da wanga ƙohwa. Kuma ku tuna dala biliyan 1.4 ɗin can, kamfanin da anka saya da wanga kuɗɗi, wanda cinikinai shi ne sayar da jem da akwatuna, shi ne zai bar wata taga buɗe wani mai asusun matatai shina sayar da kayan a dubu 12? Bidiyon da yake turowa ko dai jakar wani tsohon ɗan wasa ce ya ɗauko daga YouTube, ko kuma irin manhajar nan da anka taɓa wadda ke rubuta manyan lambobi a fuskar waya alhali babu komi a ƙasa. Yaron jami'an nan ma irinta anka turo mai, wai shi sauke ta wani link ba ta Play Store ba, nic ce mai kada ka kuskura, irin waɗanga ne ke neman izinin karanta saƙonninka, kuma ta saƙo kod ɗin banki ke shigowa. Akwai kuma masu cewa za su saya maka jem da rabin kuɗɗi, ka tambayi kanka da katin bankin wa za su saya. Ko an yi sa'a jem ɗin ya shigo, ba da asusu ga wani ko sayen shi ya saɓa ƙa'idar wasan, ana iya ruhe maka shi ka rasa wahalar shekara da shekaru.

Abin da yah hi ba ni haushi, sandar da nike hauka a kanta ba ita ke hana ni cin wasa ba. Efik mai lebul 1 ko 2 sau da yawa ba ta kai sanda gama-gari da anka ɗaga sosai ba, ni a ganina Apocalypse ba ta hwara biyan kuɗɗinta sai ta kai wajen lebul 4, kahin nan Extra Mile ta isa, tana kai ƙwallo nesa duk da saitinta bai da kyau, in kuma ramin mai ƙunci ne Quarterback ta hi ta, ba ta da ƙarhi sosai amma ba ta yaudara kuma layin da ke nuna inda ƙwallo zai gangara dogo ne. A wud, Sniper da ke buɗewa tuwa na 6 gama-gari ce, katunanta na zuwa da yawa, kuma manyan 'yan wasa ma ita suke riƙewa. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne duk sandar da tan nuna alamar ta isa hawa sai mu danna, koyin shi ƙare, a zo kuɗɗin shiga wasa babu. Ka zaɓi guda a kowane iri ka bi ta, sauran su jira, kuma kada ka hau tuwan da kuɗɗin shigarshi ya hi kashi 1 cikin 10 na abin da kake da shi, ka sha kashi sau uku a jere ka dawo kana jiran akwatin kyauta. Sauran kuma iska ce. Wanda yak koyi gyara saiti da zobban da wasan ke zanawa inda ƙwallo zai sauka gwargwadon ƙarhin iska, kuma shina sakin ƙwallo daidai lokacin da allurar da ke kai da komo wajen bugu ke tsakiya, zai lallasa mai babbar jaka da bai iya ba. Akwai wani tela a Runjin Sambo da bai taɓa sa ko sisi a wasan ba, ni da shi in mun buga 10 da ƙyar in ci 3.

Facebook ɗina sai da nik kwana 9 kahin in dawo da shi, sai da nit tura hoton katin shaida. Rasit biyun na kai banki na shigar da ƙorahi, kuma wanda irin haka tas same shi kada shi goge hirar don kunya, shi ɗauki sikirinshot na komi, lambar asusu da lokacin transfa, shi kai banki da wuri, akwai ohishin EFCC nan Sakkwato kuma ana kai ƙara ga 'yan sanda. Abu na hwarko dai shi kira 'yan'uwa ta waya shi ce masu duk saƙon neman kuɗɗi da sunanai ba shi ba ne, ni da na yi haka da magariba da kawu bai tura ba. Ku kunna tabbaci mai mataki biyu a Facebook da WhatsApp yau ɗin nan, minti 3 ne. Admin-admin kuma don Allah ku riƙa tambayar wa yak kawo sabon mutum.

Ban sa lambatai ko suna nan ba don kullum canzawa shike, wanda yaron jami'a yan nuna mani daban ne da wanda yay yi mani, kuma sunan matar da ke kan asusun mai yiwuwa ita ma wata baiwar Allah ce anka yi amfani da ita. Abin da ba ya canzawa shi ne bidiyon jaka mai lebul 8, zancen ɗan'uwa a kamfani, mutum biyu masu shaida, kuɗɗi na biyu bayan na hwarko, sai kod. Yanzu na ji har ya ƙara da tallar ƙwallayen Kingmaker 200 kyauta ga wanda yak kawo mutum uku.

Kawu ya ce ya yahe dubu 30 ɗin, ni dai ban yarda ba, ina tura mai 10 duk wata, saura guda. Har yau in na je gaishe shi bai taɓa tada zancen ba, sai dai rannan da zan taso yad dube ni yac ce, "wai ita sandar, ta ƙarhe ce ko ta icce?"