Lamp biyu daga gwangwanin Baba mai gyaran rediyo

Daga kawuna na gaji ampili mai lamp, wato ƙwan gilashin nan mai ƙara wa sauti ƙarfi, haɗe da ƙaramin akwatin da ke karɓar sautin faifai ya ɗaga shi kafin ya miƙa wa babban. Lamp biyu ne a cikin akwatin, samfurin ECC83, sababbi ƙirar Sin. Suna aiki, amma in aka busa algaita sai ta riƙa soke min kunne, kalangu kuwa ya fito kamar ana dukan kwali.

A Zango aka nuna min wani dattijo mai gyaran rediyo. Rumfarsa ba ta da ko allo. Ya saurari kukana, ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya warware tsumma: tsofaffin lamp biyu na kamfanin Mullard, ƙirar garin Blackburn na Ingila. Ya ɗaga ɗaya ga haske ya nuna min tabon azurfar da ke kanta. "Ɗana, in ka ga wannan ya yi fari kamar alli, iska ta shiga, lamp ta mutu." Na tambaye shi ko ECC82 za ta yi, tunda ƙafafunsu tara iri ɗaya ne. Ya ce a'a, ECC83 tana ninka sauti har sau 100, waccan ko 20 ba ta cika ba.

Bai sa su nan take ba. Sai da ya sauke wutar da ke maƙale ciki, don tana wuce bolt 200 ko bayan an zare waya, sannan ya goge ƙurar hunturu daga ramukan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ina kyautata zaton rabin gyaran a nan yake.

Daren da na kunna a gida, bayan isha, na daɗe zaune ban motsa ba. Algaitar ta yi laushi ba tare da ta dushe ba, har jan numfashin mabushin nake ji. Kalangu ya samu ciki. Muryar mawaƙi ta matso gaba, 'yan amshi suna bayansa.

Abin da ban so ba, sati uku ya riƙe min kaya, kuma lamp ɗaya tana ɗan ƙara in an taɓa tebur. Na koma na ce, "Baba, ga matsala." Ya sanya mata zoben roba, ƙarar ta ragu sosai. Jika 25 na biya duka, ya kuma naɗe min na Sin ɗin a takarda, ya ce in ajiye.