Wasiƙa daga Addis Ababa kan sha'anin jiragen sama

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan 'yan'uwa na Agege. Ka tambaye ni abin da ya sa kamfanin jiragen Habasha ke ta bunƙasa alhali namu na Najeriya kullum kukan asara suke yi, kuma da yake sana'ata ta aika kaya tana kai ni filin jirgin Bole kusan kowace rana, zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Duk daren duniya filin nan cike yake maƙil da matafiya masu sauya jirgi. In ka shiga wurin salla sai ka ji Hausa na tashi kamar kana kasuwar Mile 12, ga 'yan kasuwar Kano da Legas da Yamai masu zuwa Sin da Dubai, ga masu umara. Wanda jiransa ya kai na kwana akan kai shi masauki, a ba shi abinci, a dawo da shi a kan lokaci. Duk sa'ad da na ga haka sai in tuna ranar da na raka Inna tashar jiragen cikin gida ta Ikeja, muka zauna tun azahar har bayan isha'i ana ta ɗage lokaci, tana zaune a kan jakarta tana jan carbi, ba wanda ya fito ya yi mana bayani.

A lokacin na ɗauka rashin mutunci ne kawai, amma yanzu na gane cutar ta fi haka zurfi. Kamfanin jirgi na Najeriya da naira yake sayar da tikiti, amma da dala yake biyan hayar jirgi da inshora da kayan gyara, kuma babban gyara galibi sai an fitar da jirgin waje ya yi makonni ba ya kawo ko sisi. A 2022 kuɗin litar man jirgi ya tashi daga wajen naira 190 zuwa 700, har masu kamfanoni suka yi barazanar ajiye aiki. Ga kuɗin ruwan banki, ga kashi 5 cikin 100 da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ke cira a kowane tikiti. Mai jirage biyar, in biyu na wurin gyara kuma ɗaya ya sami matsala a Abuja, to jadawalin ranar ya wargaje ke nan. Bashi ne ya sa hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓe kamfanin jiragen Arik a 2017.

Kamfanin Ethiopian ya fara tashi a 1946 zuwa Alƙahira, kuma har gobe mallakar gwamnati ne gaba ɗaya. Sarki Haile Selassie ya faɗi, mulkin soja ya zo ya wuce, amma an bar ƙwararru suna tafiyar da shi. Yana da rumfunan gyaransa da makarantar horar da matuƙa da injiniyoyi, har jiragen wasu ƙasashe ake kawowa gyara ana biyan su da dala. Lokacin korona, da fasinja ya ɗauke, sai suka cire kujerun wasu jirage suka shiga dakon magunguna. Mu ma muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964, muna da Nigeria Airways tun 1958, muka bar shi ya durƙushe a 2003.

Kada ka zaci nan babu matsala. Tun da aka sakar wa kasuwa darajar kuɗinsu na bir a Yulin 2024 kaya suka yi tsada, kuma zirga-zirgar cikin gida kusan a hannun kamfani ɗaya take. Mu muna da gasa, kuma kai shaida ne yadda tikitin Landan ya sauko bayan Air Peace ya fara zuwa a 2024.

Shi ya sa ban yi baƙin cikin mutuwar shirin Nigeria Air ba, wato sabon kamfanin jiragen ƙasa da gwamnati ta so kafawa tare da Ethiopian, wanda aka nuna jirginsa a Abuja a 2023 kotu kuma ta soke yarjejeniyarsa a 2024. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne biyan kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya, waɗanda suka haura dala miliyan 800, da sa hannu kan ƙa'idojin yarjejeniyar Cape Town, wadda ke kare haƙƙin masu jiragen haya, domin masu ba da hayar jirage su amince da mu, da kuma man jirgin da matatar Ɗangote ke fitarwa a Lekki. Saura babbar rumfar gyara a Legas da rage tarin haraji, kuma a ganina nan ne ya kamata gwamnati ta zuba ƙarfinta.

Game da tafiyar Inna Kano kuwa, don Allah ka sayar mata tikitin jirgin farko na safe ko da ya fi tsada, domin shi ne jinkirin ranar bai riga ya taru a kansa ba. Ka gaishe ta, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.