Tayi da Wuri ko Tayin Daƙiƙar Ƙarshe a Gwanjon Kayan Mota

Makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota sun sha tambayata wace dabara ta fi a gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet: a taya da wuri, ko a jira ƙarshen lokaci.

Mai tayawa da wuri yana rubuta iyakar kuɗin da zai iya biya, sai manhajar ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan har zuwa wannan iyaka, kuma idan tayi biyu suka zo daidai, na farko ne ke cin kayan. Illarsa ita ce abokan hamayya suna samun kwanaki suna lalubar iyakarsa, har fitilar gaba ta tsohuwar Marsandi ta yi tsadar da ba ta kamata ba.

Mai jira kuwa yana ɓoye niyyarsa, ya taya saura daƙiƙu kaɗan, lokacin da babu damar ramawa. Sau da yawa ya fi samun rahusa, amma intanet na iya yankewa, kuma gwanjon Amurka yakan rufe da tsakar dare a Najeriya. Ni wannan haɗarin nake tsoro.

Tayi da wuri ya dace da mai hidimomi wanda ya riga ya lissafa kuɗin jigila da na kwastan. Jira ya dace da mai intanet mai ƙarfi da ke neman kayan da mutane da yawa ke rububi.