Littattafan Ƙagaggun Labaran Kimiyya, Almara da Ban Tsoro: Wane Bugu Za Ka Saya, Kuma a Hannun Wa?

Kafin ka tura wa ƙaramar maɗaba'a kuɗinka, ka tsai da magana ɗaya: karantawa za ka yi ko adanawa? Labari guda kan fito a bugu uku, rubutun ciki ɗaya ne, amma kuɗinsu ya yi hannun riga.

Bugun gama-gari ba shi da lamba ba shi da sa hannu, kuma mai neman labari zalla nan ya kamata ya tsaya. Maɗaba'ar Tachyon ta San Francisco, wadda aka kafa a 1995, da Small Beer Press ta 2000 sun yi fice a nan. Valancourt Books kuwa tsofaffin labaran ban tsoro da suka ɓace daga kasuwa take tonowa ta sake bugawa.

Sai bugu mai lamba: a buga 'yan ɗaruruwa, marubuci ya sa hannu a shafi na musamman, a rubuta misali 87 cikin 300. Sama da shi akwai mai harafi, yawanci kwafi 26 daga A zuwa Z, sau da yawa da bangon fata da akwatinsa. Wannan fagen Subterranean Press ne a Michigan, da Cemetery Dance a Maryland, da Centipede Press a Colorado, da PS Publishing a Ingila. A ganinmu mai lamba ya ishi yawancin masu tarawa, domin a mai harafi fata da ƙarancin kwafi kake biya.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne yadda aka haɗe takardun. Tsayar da littafin ka leƙa ƙeyarsa ta sama. Idan shafukan sun zo ƙulli-ƙulli a ninke, ka buɗe tsakiyar ƙulli ka ga zare, to ɗinki ne, zai buɗe ya kwanta ba gardama. Idan kuwa takardu ne ɗaiɗai a dasƙare cikin gam, zafi da shekaru na iya busar da gam ɗin, ƙeyar ta tsage, shafuka su fara zubewa. Bango mai tauri ba shaidar ɗinki ba ne, sai ka tambaya. Ka tambayi kuma ko takardar marar asid ce, don ita ce ba ta saurin yin rawaya. Littafin da ba a bugawa sai an yi oda kusan kullum gam ne, amma ba ya yankewa a kasuwa.

Saye kai tsaye daga maɗaba'a shi ya fi amfanar ta, kuma bugu mai iyaka yakan ƙare tun kafin ya fito. Sai dai jira ne na watanni, wani lokaci ya haura shekara: sai an aika wa marubuci da mai zane takardun sa hannu, sun dawo, sannan a ɗinka, akwatin ma wani kamfani ke yin sa. Ka bincika ko ranar oda za a cire kuɗinka ko ranar aikawa, domin idan maɗaba'ar ta durƙushe bayan wa'adin ƙorafi na katin banki ya wuce, dawo da kuɗin zai yi wuya.

Shagunan da suka ƙware a wannan fanni, irin su Bakka-Phoenix na Toronto tun 1972 da Uncle Hugo's na Minneapolis tun 1974, abin da ke hannu suke sayarwa. Za su haɗa maka littattafan maɗaba'u daban-daban a kwali ɗaya, kuɗin aikawa ɗaya. Ka ce a sa a kwali mai kauri, ambulan na lanƙwasa kusurwa.

Idan bugun ya ƙare, sai na hannu a shafukan intanet na sayar da tsofaffin littattafai, AbeBooks ko Biblio. Nemi hoton shafin lamba, da na bayanin bugu, da rigar takarda da ke kan bango, da kusurwoyi huɗu. In ka ga PC a gurbin lamba, kwafin da maɗaba'a ta ware ne a wajen lissafi. Mai hatimin laburare kuwa ya yi wa karatu daidai, amma masu tarawa ba sa ba shi daraja.

Wanda ke karatu a waya ya leƙa shafin intanet na Weightless Books, mai sayar da fayilolin ƙananan maɗaba'u ba tare da kullen hana kwafi ba, fayil ɗin EPUB, wato tsarin littafin lantarki, ya buɗe a yawancin manhajojin karatu.